Unguwar Dattawa A Jihar Fensilbeniya: Inda Ake Sayen Jinya Tun Da Sauran Ƙarfi

A wannan wata filinmu na tafiye-tafiye ya yada zango a ƙasar Amurka, a wani ɗan gari mai suna Kennett Square da ke jihar Fensilbeniya, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga birnin Filadelfiya. Garin ya yi suna wajen noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci, kuma a gefensa ne shahararren lambun nan na Longwood yake, wanda attajiri Pierre du Pont ya sayi filinsa a 1906. Amma abin da ya kai mu shi ne wata unguwa da ke maƙwabtaka da lambun mai suna Kendal at Longwood, wadda duk mazaunanta tsofaffi ne.

Da jin haka mai karatu za ta tuna da gidan gajiyayyu irin na ƙasarmu, inda sai wanda ya rasa gata ake kaiwa. To nan ba haka ba ne. Mutum da ƙafarsa yake zuwa, da kuɗinsa, kuma sau da yawa sai ya yi shekaru a layi kafin ya sami gurbi. Abin da baƙo zai fara gani shi ne jerin ƙananan gidaje a cikin itatuwa, da 'yan lambuna a ƙofarsu, da hanyoyin tafiya a ƙasa, sannan babban gini a tsakiya mai ɗakin cin abinci da ɗakin karatu da wuraren sana'ar hannu. Mazauna su ne ke tsara harkokinsu ta hanyar kwamitoci masu yawa, daga na lambu har zuwa na laccoci.

An buɗe unguwar a 1973, kuma waɗanda suka kafa ta mabiya wata ɗarikar Kirista ce da ake kira Kwekas, wadda ta samo asali a Ingila a ƙarni na 17. William Penn da ya kafa Fensilbeniya a 1681 ma ɗan ɗarikar ne. Sunan Kendal kuwa na wani gari ne a arewacin Ingila. A 1977 suka ƙara buɗe wata unguwar kusa da ita mai suna Crosslands. Yau irin waɗannan unguwanni sun kusa 2,000 a Amurka, kuma mafi yawansu na ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba ne.

Tsarin zaman hawa-hawa ne. Matakin farko shi ne zaman kai: tsohuwa tana cikin gidanta da kicin ɗinta, tana tuƙa motarta, jikoki na kawo mata ziyara, sai dai an ɗauke mata gyaran gida da kwashe dusar ƙanƙara, kuma akwai abinci a ɗakin ci in ba ta son girki. Idan ƙarfi ya fara ja da baya, sai ta koma sashen taimako, inda ma'aikata ke taya ta wanka da sa tufafi da shan magani a kan lokaci. Idan ciwo ya kwantar da ita, akwai sashen jinya da ma'aikatan jinya dare da rana, ana kuma kula da masu ciwon mantuwa. Duk a cikin unguwa ɗaya ake wannan. Saboda haka idan maigida ya kwanta, uwargida ba ta buƙatar mota kafin ta je ta zauna kusa da shi, kuma ƙawayen da suka saba ba su yanke ba. Wannan shi ne babban abin da ke jawo ma'aurata.

Wani abin da Kendal ta yi fice a kai shi ne ƙin ɗaure tsofaffi. A da, gidajen jinya na Amurka kan ɗaure tsoho a gado ko a kujera da sunan kada ya faɗi, alhali ɗaurin na kashe masa jiki, ya jawo gyambon kwanciya da ƙuncin rai. Kendal ba ta yi haka ba tun farkonta, daga baya ma ta shiga wayar da kan sauran gidaje. Dokar tarayya ta 1987 kan gyaran gidajen jinya ita ma ta taƙaita wannan ɗabi'a.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne gizo ke saƙa. A irin waɗannan unguwanni ana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, wanda kan kai dala dubu ɗaruruwa, shi ya sa yawanci sai mutum ya sayar da gidansa. Bayan haka akwai kuɗin wata-wata na dubban daloli, kuma yana ƙaruwa kusan kowace shekara. Yarjejeniyar iri uku ce. A ta farko kuɗin shiga ya fi tsada, amma ko mutum ya koma sashen jinya kuɗin watansa ba ya wani tashi. A ta biyu ana ba shi jinya ta wasu kwanaki ko a kan rangwame, sauran ya biya. A ta uku shiga ta fi sauƙi, amma ranar da ciwo ya zo zai biya jinya a cikakken farashinta. Dalilin da ya sa mutane ke jure wannan tsada shi ne inshorar gwamnati ta tsofaffi, wato Medicare, ba ta ɗaukar nauyin doguwar jinya. Iyakarta kwana 100 a gidan jinya bayan an kwanta a asibiti. Bugu da ƙari, mai son yarjejeniya ta farko sai likita ya duba shi, don haka wanda ya jira har ciwo ya kama shi ya makara.

Kasadar ma ba ƙarama ba ce, domin mazauni bai mallaki gidan ba, alkawari kawai ya saya. Wata unguwa irin wannan mai suna Harborside a jihar New York ta shiga kotun masu karayar arziki sau uku, a 2014 da 2021 da 2023, kuma iyalai da dama sun yi asarar kaso mai yawa na kuɗin da aka yi alkawarin mayar musu. A Fensilbeniya hukumar inshora ta jiha ce ke sa ido, kuma doka ta wajabta wa kowace unguwa ta nuna wa mai son shiga bayanan kuɗinta. Wanda bai karanta ba kafin ya sa hannu, ya kuka da kansa.

Ga 'yan uwanmu Musulmi da ke zaune a can, waɗanda iyayensu ke tsufa a hannunsu kuma kowa na fita aiki, akwai tambayoyin da ba a cikin takardar talla suke ba. Za a sami abincin halal? Mace ce za ta riƙa yi wa Hajiya wanka? Wa zai taimaka mata da alwala, ya juya ta ga alƙibla? Idan ajali ya zo, za a kira iyali da liman a kan lokaci, a ba da gawa da wuri? Duk wannan sai a tattauna, a kuma nemi a rubuta.

Mu dai Allah Ya ɗora mana kula da iyaye a Suratul Isra'i, kuma babu ma'aikacin da zai maye gurbin ɗa ko 'ya. Amma akwai darasin ɗauka: a yi shirin tsufa tun da sauran ƙarfi. 'Ya'ya su zauna su raba nauyin jinya da na magani tun kafin ciwo ya zo, kada a bar wa mace ɗaya, 'ya ko suruka, har ta gaji ta fara ƙosawa. A gyara wa tsohuwa banɗaki don kada ta zame, a bar ta cikin mutane, a riƙa neman shawararta. Allah Ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, Ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.