Fitilar da ke ƙiftawa ba ka gani

Duk wanda ya fara wasa da kayan lantarki, da wuya bai fara da IC ɗin nan mai lamba 555 ba. Ɗan baƙin abu ne mai ƙafa takwas, wanda injiniya Hans Camenzind, ɗan asalin Suwizalan, ya tsara wa kamfanin Signetics na Amurka a 1971, ya shiga kasuwa a 1972, har yau kuma ana ƙera shi. Aikin farko da ake ba mai koyo shi ne ya sa ƙwan LED ya riƙa kamawa yana mutuwa kamar siginar mota. Nan ne kuma da yawa suke karaya, su tattara kayan su jefa a akwati.

Ƙanena ya kusa shiga sahunsu. Aikin makaranta ne da maki ya rataya a kansa, saura kwana uku a miƙa, ƙwai kuwa ya kama ɗyam ya ƙi mutuwa. Ya sauya IC sau uku, domin abin da ya ga ana yi a shagunan gyara ke nan: abu ya ƙi, a cire a sa sabo. Ban raina masu gyara ba, sau da yawa ba su da lokacin bincike. Amma mai koyo da ya ɗauki wannan ɗabi'a kuɗinsa ne zai ƙare, bai kuma san dalilin komai ba.

Aikin 555 bai fi cika tulu da zubar da shi ba. Kafasito shi ne tulun. Lantarki na bi ta cikin rizisto biyu yana cika shi, ƙafa ta 2 da ta 6 suna sa ido. Idan ya kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin batir, sai ƙafa ta 7 ta buɗe hanya ya tsiyaye ta rizisto na biyu. Idan ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku, sai ta rufe, a koma cikawa. Ƙafa ta 3, inda ƙwan yake, tana bin wannan hawa da sauka. Da batir mai bolt 9, kafasito na kai-komo ne tsakanin 3 da 6. Girman tulu da faɗin hanya su ke yanke saurin ƙiftawa. Rizisto mai om 1,000 da mai om 68,000 tare da kafasito mai maikrofarad 10 za su ba ka kusan ƙiftawa ɗaya a daƙiƙa.

Da na ce masa, "Ɗora mita a ƙafa ta 6 mu gani," sai ta tsaya cak a kusan bolt huɗu da rabi. Wannan lamba ita ce tsakiyar 3 da 6. Da IC ya mutu, da wuya ta zaɓi nan ta zauna. Abin da take faɗa shi ne lantarkin na hawa da sauka da saurin da ya fi ƙarfinta, sai ta ba da matsakaici. Muka duba kafasito: ɗan faifai ne launin ƙasa, an rubuta 104 a jikinsa. Ma'anar lambar ita ce 10 da sifiri huɗu a ma'aunin fikofarad, wato maikrofarad 0.1, kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zanen ya nema. Ashe ƙwan na ƙiftawa sama da sau ɗari a daƙiƙa, idon mutum kuwa idan abu ya wuce wajen sau hamsin ko sittin sai ya haɗe masa ya zama haske ɗaya. Muka kashe fitilar ɗaki, ya kaɗa allon gwajin da sauri a cikin duhu, sai ga ɗigo-ɗigon haske a jere maimakon layi. IC ɗin farko ma lafiyarsa ƙalau.

Akwai sauran tarkuna, amma ba su kai wannan yaudara ba. Ƙafa ta 4 in an bar ta a sake, da'irar kan yi ta tsayawa ba dalili, sai an haɗa ta da ta 8. Wasu allunan gwaji layin wutarsu a yanke yake a tsakiya, rabin allon babu komai. Kafasito mai siffar gwangwani yana da gefen da ake bi, in an juya shi zai iya kumbura. Ƙwai ba rizisto kuwa, kamawa ɗaya zai yi ya ƙone.

Na maikrofarad 10 da muka sa daga wata tsohuwar rediyo muka ciro shi. Ƙanena ya ƙirga ƙiftawar da agogon waya, ya samu sittin da 'yan kai a minti ɗaya, ya rubuta lissafin a rahotonsa.