Dundee, Garin da Dattawa ke Neman Mujallun Ƙuruciyarsu

Duk wanda ya ratsa tsakiyar birnin Dundee na ƙasar Sikotlan zai yi kiciɓis da mutum-mutumin tagulla na wani ƙato mai faɗin haɓa, yana jan karensa, a bayansa kuma wata yarinya ta ɗana danƙo tana saitinsa. Ƙaton shi ne Desperate Dan, yarinyar kuma Minnie the Minx, taurarin mujallun yara masu zanen barkwanci. Tun 2001 suke tsaye a nan, domin a wannan gari aka haife su.

Kamfanin DC Thomson na Dundee ne ya fito da The Dandy a Disambar 1937, ya biyo da The Beano a Yulin 1938, kowacce kwabo biyu. Cikin shekarun 1950 The Dandy kaɗai kan sayar da kusan kofi miliyan biyu a mako. Yaro ya karanta, ya miƙa wa ƙaninsa, daga nan sai kwandon shara.

Abin da ya sa tsofaffin mujallun suka zama sai an tona ke nan. A wani shagon tsofaffin littattafai na tarar da wani dattijo yana duba wata The Beano cikin leda. Ya ɗaga ta sama ya haska, ya duba ko ƙarfen ɗinkin ya yi tsatsa, ko gefen takardar ya soma karyewa, ko mai sayar da jarida ya rubuta sunan gida a bangon. Kowane tabo na rage mata daraja. Takardar tun asali mai araha ce, ga shi a Yaƙin Duniya na Biyu an yi ƙarancinta, har mujallun biyu suka koma karɓa-karɓa, wannan mako wannan, mako mai zuwa waccan. Tsofaffin kofe masu yawa an tattara su an sake sarrafa takardarsu. Shi ya sa fitowar farko ta The Beano take kai dubban fam a gwanjo.

Na ce, “Baba, ciniki ne ko sha'awa?” Ya yi murmushi ya ce ba sayarwa yake yi ba. A cikin waɗannan shafuka ya iya karatu, yana bin Dennis the Menace, hatsabibin yaron nan mai riga ja da baƙi wanda ya bayyana a 1951. Kowace Kirsimeti mahaifiyarsa kan saya masa kundin shekara mai kaurin bango, kuma har yau suna nan a akwati.

The Dandy ta daina fitowa a takarda a Disambar 2012, tana da shekara 75. The Beano kuwa har yau tana kasuwa kowane mako. Abin da ya burge ni shi ne mutanen nan ba su raina abin da ya koya musu karatu ba. Mai karatu, in kana da tsohon littafin yarintarka a gida, ka tsare shi daga gara da damshi, domin wata rana jikokinka za su tambaya.