Abin da na jawo wa Baba a Kurbus

Kurbus ƙaramin gari ne a Tunisiya, maƙale tsakanin duwatsu da Bahar Rum, tafiyar kilomita kusan 60 daga birnin Tunis. Tun zamanin Romawa mutanen birnin Kartaj ke tsallako ruwa su zo wanka a maɓuɓɓugansa masu zafi, kuma a ƙarni na 19 sarkin Tunis, Ahmad Bey, ya gina masauki a wurin. Har yau masu ciwon gaɓoɓi da na fata suna tururuwa, wasu kuwa hutu kawai ke kawo su, su yi iyo su ci gasasshen kifi a bakin teku.

Mu ciwon gwiwar mahaifina ne ya kai mu. A garin akwai wuraren jinya da ruwa, inda likita zai auna jinin mutum, ya tambayi magungunan da yake sha, sannan ya faɗi irin wankan da ya dace da shi da tsawon lokacinsa. Ni na ga wannan ɓata kuɗi ne. Na ce ai mun san maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari, mutum ya daɗe a ciki ya fito lafiya ƙalau. Ban tsaya na tuna cewa ruwan Wikki ɗumi ne kawai ba, digiri 31. Shi kuwa ruwan Ain Atrus na Kurbus, inda na kai Baba, wanda ke kwararowa daga jikin dutse ya faɗa teku, zafinsa yana kai digiri 50 ko fiye. Tun daga nesa za ka ga tururi, ka ji warin farar wuta. Masu wayo suna zama can inda ruwan teku ya sirka shi. Ni na zaɓa wa Baba gurbi kusa da bakin dutsen, a ganina inda zafi ya fi nan magani ya fi.

Baba yana da hawan jini, kuma da safen nan ya sha maganinsa. Na sani sarai.

Da aka jima ya ce, "Kai, kaina yana ɗan juyawa."

Na ce, "Baba, a ƙara haƙuri kaɗan, yanzu ne zafin yake ratsa gwiwar."

Wannan maganar ce ta fi ci mini rai. Mutum ya faɗa mini jikinsa ba daidai ba, na fifita lissafina a kan abin da yake ji. Yana miƙewa ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya sulale. Allah ya sa wasu samari suna kusa suka tare shi kafin kansa ya bugi dutse. Wani dattijo ɗan garin ya sa aka kwantar da shi a inuwa, aka ɗaga ƙafafunsa, da ya farfaɗo aka ba shi ruwa.

Likitan da na guje wa shi ne ya yi mini bayani. Ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin jini, ƙarfin jinin ya sauka. Maganin hawan jini ma saukar da shi yake yi. Ga gumi yana ƙarar da ruwan jiki. In tsoho ya miƙe farat ɗaya a haka, jini ba ya isa ƙwaƙwalwa. Ya ɗora Baba a kan gajeren wanka a ruwan da aka rage wa zafi, da shan ruwa kafin shiga, da hutawa a kwance bayan fita.

Da daddare na durƙusa na nemi gafararsa. Ya ce, "Na yafe maka, amma in na ce maka ban ji daidai ba, ka ji ni." Gwiwar ta yi sauƙi har ya koma yin sujada ba tare da kujera ba na wani lokaci, daga baya ciwon ya dawo.