Daga Gidan Burodi Zuwa Bakin Teku: Abin da Baƙo Ke Marmari a Faransa

Litinin

Jirginmu ya sauka a Paris da hantsi. A layin duba fasfo, waɗanda suka saba zuwa sun ɓarke da hira, kowa na faɗin abin da zai fara kai wa bakinsa. Ba wanda ya ambaci babban otal ko abincin attajirai. Burodi da man shanu, shi ke nan.

Kawu, wanda ya daɗe a ƙasar, bai bari mun wuce gida ba sai da muka ratsa gidan burodin unguwa. "Ɗana, ka gaishe su kafin ka nuna abin da kake so. A nan wanda bai yi gaisuwa ba, ba a sakar masa fuska." Dogon burodin baget ba baƙonmu ba ne, ana cin sa a teburin mai shayi a Yamai da Damagaram. Amma na nan ɓawonsa ƙamas-ƙamas yake, cikinsa laushi da ramuka. Tun 1993 doka ta ce wanda za a kira na gargajiya, fulawa da ruwa da gishiri da yis ne ginshiƙinsa, kuma ba a daskarar da shi. A 2022 hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun duniya da ake adanawa. Kuɗinsa Yuro ɗaya da 'yan kai. Kafin mu kai ƙofa Kawu ya gutsire kansa, haka kowa ke yi a hanya.

Talata

Yau ranar kurwasan ce. Ana shimfiɗa kwaɓi, a sa man shanu mai sanyi a tsakiya, a ninke, a murza, a sake ninkewa, har ya zama falle-falle. Idan ya shiga tanda sai ya kumbura, kana cizo yana zuba a riga. Kawu ya ce in duba siffa: miƙaƙƙen galibi da man shanu tsantsa aka yi shi, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata kuwa sau da yawa da majarin ne. Asalinsa ma daga Ostiriya yake. Wani mutumin can, August Zang, ya buɗe gidan burodi a Paris a ƙarshen shekarun 1830, Faransawa suka karɓa suka gyara.

Birnin Paris na shirya gasar baget kowace shekara, wanda ya yi nasara shi ke kai burodi fadar shugaban ƙasa har shekara guda. Djibril Bodian, ɗan asalin Senegal, ya ci gasar a 2010 da 2015. Kawu yana faɗin wannan yana murmushi, sai ka ce ɗansa ne.

Laraba

Mun shiga shagon cuku. Mu da muka san busasshen cukun Buzaye na Tawa da Agadas, nan ido ya raina fata. Mai shagon ta yanko mini Comté, na tsaunukan Jura. Dunƙule ɗaya yakan kai kilo 40, yana cinye madara kusan lita 400, kuma ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 4 a ajiye. Wanda na ɗanɗana ya haura shekara, yana da garɗi da ɗan zaƙi. Camembert na Normandi kuwa laushi gare shi, har yana malala. Sai Roquefort, na madarar tumaki, mai shuɗin zane a ciki, wanda ake nunar da shi a cikin kogunan dutse a kudancin ƙasar. Tun 1925 doka ta kare sunansa, ba mai iya yin sa a wani wuri ya kira shi haka. Shi dai kamar daddawa yake: warinsa na korar baƙo, ɗanɗanonsa na riƙe wanda ya saba. A nan ana cin cuku bayan babban abinci, kafin kayan zaƙi.

Alhamis

Gidajen abinci da yawa daga sha biyu zuwa biyu suke ba da na rana, sai kuma dare. Wanda ya makara ya haƙura da burodi. Ruwan famfo a tulun gilashi kyauta ne, idan ka nema.

Nan Musulmi ke buƙatar natsuwa. Fitattun miyar naman Faransa da dama da giya ake dafa su, har miyar albasa da matafiya ke yabo, wadda ake rufe ta da burodi da narkakken cuku. Naman alade kuma yana ɓoye cikin abubuwa da yawa. Tambaya ba ta ɓata rai, masu hidimar sun saba. Mun nufi Montparnasse, inda jiragen ƙasa daga yankin Biritaniyar Faransa ke tsayawa, shi ya sa masu fanken yankin suka cika unguwar. Fanken falalan ne, an yi shi da baƙin gari. Na ce a sa ƙwai da cuku kawai. Na rufe da mai man shanu da sukari.

Juma'a

Mun yi salla a Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. A gefensa akwai wurin shan shayi mai na'ana'a, cike da Faransawa da baƙi. Mun ci kuskus da naman rago, abincin Arewacin Afirka da ya zama na gida a Faransa. Da yamma a unguwar Barbès, mahauta masu halal sun jera kaji a ƙarfe suna juyawa, kitsen yana ɗiga kan dankalin da aka zuba a ƙasa. Mun sayi ɗaya, ba a bar ko ƙashin kirki ba.

Asabar

Jirgin ƙasa mai gudu ya kai mu Marsai cikin awa uku da 'yan mintoci. A tsohuwar tashar ruwa masunta na sayar da kamun safiya. Abin da ya kawo mu shi ne buyabes, farfesun kifi iri-iri mai za'afaran. Ana fara kawo romon da gasasshen burodi da wani kwaɓin tafarnuwa da barkono da man zaitun, kifin ya biyo baya. Da can abincin masunta ne, da kifin da ya yi kwantai suke dafa shi. Yanzu faranti ɗaya ya fi kuɗin burodin wata guda. Daɗi kam akwai, amma Kawu ya girgiza kai da aka kawo lissafi: "Ɗana, wannan na sau ɗaya ne."

Lahadi

Mun dawo Paris, gobe tafiya. Da na lissafa abin da ya fi kama raina, duk na kusa da gida ne, kuma mai araha. Sirrinsa doka mai tsauri, haƙuri, da masu saye da ba sa yarda da ha'inci. Mai shirin zuwa, kada ka ƙarar da guzurinka a manyan gidajen abinci. Nemi gidan burodin da mutanen unguwa ke yi wa layi da safe, ka yi gaisuwa, kuma ka tambayi abin da ke cikin tukunya kafin ka ci.