Ɗigogin da Na Bari Kwamfuta Ta Share

Sana'ata zane a kwamfuta a nan Sabuwa: katin biki, kalanda, da banar taro, wadda nakan kai Funtuwa a buga. A kan wata bana na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa.

Wata makarantar Islamiyya ce ta ba ni aikin banar walimar saukar Alƙur'ani. Tambarinta, mai ɗauke da sunanta da Larabci, ta WhatsApp aka turo min, hoton da aka ɗauka daga jikin tsohuwar takardar shaida. Irin wannan hoto tarin ƙananan ƙwayoyin launi ne, kamar ɗinkin hula: daga nesa zane, daga kusa zare ɗaiɗai. Ga shi WhatsApp ya matse shi. Da an ja shi ya kai girman bana, sai ya dushe, gefensa ya yi kaca-kaca.

Maganin shi ne a mayar da shi zanen layi, wanda muke kira bekta. A nan kwamfuta lissafin lanƙwasa da kusurwa take ajiyewa, irin lissafin da injiniya Pierre Bézier ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota a kamfanin Renault na Faransa a shekarun 1960. Ko girman bango aka ja shi, bakinsa na nan tsaf.

Maimakon in bi tambarin da hannu, sai na danna PowerTRACE na manhajar CorelDRAW ya bi min. Takardar tana da tabo, don haka na sa ya share ƙananan ɗigogi. Ya share tabon, ya haɗa da ɗigogin haruffa. Harafin shin ya koma sin, haruffan ba da nun kuma suka rasa abin da ke bambanta su. Na ga layi ya fito sumul, na tura Funtuwa ban karanta ba.

Da banar ta iso, shugaban makarantar ya jawo ni gefe, ya ce, "Ɗana, ka kuwa karanta abin da ka buga?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ban karanta ba." Na yi karatun allo, da na duba, da na gani. Na biya kuɗin sake bugu daga aljihuna, aikin kuma ya makara. Sauri ya haifi nawa.

Manhaja gefen baƙi da fari take bi, ba ta san harafi ba. Ga ƴan'uwana masu wannan sana'a: ku nemi asalin fayil ɗin tambari tukuna. In babu, ku bi siffar da hannu, rubutu kuwa ku sake buga shi sabo, na Larabci ko na boko mai ƙ da ɗ da ɓ. Kuma kada aiki ya tafi wurin bugu sai mai shi ya karanta ya ce ya yi. Sunan mutane amana ne a hannunmu.