Hunturu a arewacin Kano: Yini guda a kan babur, ana bin sawun raƙuma

DUK wanda ya saba kallon tashoshin satalayit ya taɓa cin karo da irin shirin nan da ake nuno Turawa can ƙarshen arewacin duniya, sun dunƙule cikin jibga-jibgan riguna, suna tsala gudu a kan wani babur marar taya mai sulɓi a bisa ƙanƙara. In sun gama gudun sai jagora ya kai su garken wasu dabbobi masu kama da barewa, masu ƙaho reshe-reshe, su ba su abinci a tafin hannu, a ɗau hoto, a sha abu mai zafi, a koma masauki kafin duhu. A garin Robaniyemi na ƙasar Finlan da garin Turomso na Nowe wannan babbar sana'a ce ta lokacin sanyi, kuma mutane kan taso daga ƙasashe masu nisa su zube kuɗi saboda wannan yini guda. Ainihin masu kiwon dabbobin wata ƙabila ce da ake kira Sami. Su babur ɗin ba na shaƙatawa ba ne a wurinsu, tun shekarun 1960 suke bin garkensu da shi.

To, mai karatu, mu nan ba mu da ƙanƙara sai ta cikin firji. Amma muna da hunturu, muna da babur, muna kuma da makiyaya masu saukowa da dabbobinsu a daidai wannan lokaci. Wanda ya bar Kano da asuba ya nufi ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa tsakanin Disamba da Janairu zai yi irin wancan yinin, ya dawo gida ya yi sallar isha'i.

Wasu samari biyu 'yan fim ne suka yi wannan tafiya, ɗaya mataimakin darakta, ɗaya mai ɗaukar hoto. An turo su neman lokeshin ne na wata waƙa da furodusa ya rantse ba za a ɗauke ta a lambun otel ba, don a cewarsa 'yan kallo sun haddace duk wata fulawa da ke garin nan. Daga tashar Ƙofar Ruwa suka hau mota, aka bi titin Katsina, aka kai Dawanau inda babbar kasuwar hatsi take, sannan aka karkata titin Daura. Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Hazo ya rufe ko'ina, rana ta fito fara fat kamar faranti, mutum ya kalle ta ido da ido ba ta ce masa komai ba.

A Ɗambatta mai jagoransu ke jira. Ɗan acaɓa ne, haifaffen wani ƙauye da ke gefen garin, ya zo da ƙaninsa a babur na biyu. Kar a manta, tun watan Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur cikin birnin Kano da kewaye, amma a karkara har gobe babur shi ne ƙafar jama'a. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai buhun gyaɗa kasuwa. Jagoran ya dubi mai ɗaukar hoto, wanda ya ci ado da 'yar shat da tabarau, ya kwashe da dariya. "Yallaɓai, haka za ka hau? Wallahi kafin mu kai ba za ka iya riƙe kyamarar nan ba." Dole sai da aka nemo masa rigar sanyi ta gwanjo da ƙyallen rufe hanci. Sanyin safiyar hunturu a karkara daban yake da na cikin gari, balle a kan babur.

Daga nan aka bar kwalta.

Abin da zai fara ba ɗan birni mamaki shi ne babu daji. Mutum zai yi ta zuba ido ya ga inda gonaki suka ƙare, dokar daji ta fara, ba zai gani ba. Gona ce ke bin gona, gida na hango gida, kowane taƙi da mai shi. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, ya soma nazarin wannan yanki na kewayen Kano tun shekarun 1960, don abin ya ɗaure wa masana kai: yaya ƙasa za ta ɗauki mutane da yawa haka, ana noma ta kowace damina ba hutu, kuma ba ta mutu ba? Amsar ba wata boyayya ba ce ga manomi. Taki ne. Kashin awaki da tumaki, tokar murhu, sharar gida, har da jujin birni da jakuna suka daɗe suna kwasowa daga Kano bayan sun sauke itace. Duk gonar da aka wuce za a ga an jibge taki tsibi-tsibi yana jiran ruwan farko.

Hanyar babur a nan 'yar siririya ce, ta ratsa tsakanin shingayen gonaki, wani wurin yashi ya kai idon sawu. In taya ta nutse sai jagora ya saki ƙafafu yana tuƙi kamar mai iyo, fasinja na salati a baya. An gama girbi, an ɗaure karan dawa an jingina, harawar wake kuwa an ɗora ta a kan rassan bishiyoyi don kar dabba ta kai gare ta. Ga kuka tsirara ba ganye, ga ɗorawa, ga tsamiya, ga darbejiya a bakin gidaje. Amma sarkin wannan lokaci shi ne gawo. Shi dai gawo bahagon itace ne: da damina, lokacin da kowa ke kore, sai ya zubar da ganye, gero ya yi ta girma a ƙarƙashinsa ba inuwar da za ta danne shi. Da rani kuma, da kowa ya bushe, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'yan da dabbobi ke rububi. Duk inda aka hango gawo da yawa, in ji jagoran, to a nan za a nemi raƙuma.

Mai ɗaukar hoto tuni ya rikice. Hasken hunturu, ya ce, ko a Indiya sai an sa wa kyamara gilashi na musamman kafin a samu irinsa: ba inuwa mai kaifi a fuska, ba ƙyalli, komai ya yi laushi. Matsalar biyu ce kawai, ƙura da iska. Ƙura na shiga inji, iska kuma na cika makirfo da gunji, shi ya sa lokacin ya fi dacewa da waƙa, wadda dama a situdiyo ake ɗora mata sauti, fiye da fitowar da ake magana. Abin takaici, shekara da shekaru in 'yan fim ɗinmu suka shiga ƙauye to camama ce ta kai su, a nemo bukka mafi lalacewa a sa ɗan wasa ya yi wauta a gabanta. Wannan ƙasa mai tsari, wadda kowace bishiya a cikinta an san mai ita, ba kasafai kyamara ke juyowa ta kalle ta ba.

Kafin a je wurin raƙuma sai da jagoran ya tsaya ƙofar gidan mai unguwa. 'Yan fim suka so a wuce, wai lokaci na tafiya. Ya ƙi. Ya cire takalmi ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, masu shirin fim. Suna son ganin raƙuman da suka sauka gonar yamma." Dattijon ya yi musu kallon tsaf, ya tambayi unguwarsu a birni, ya tambayi ko da mata a tafiyar, sannan ya haɗa su da yaro. Ba a ga laifinsa ba. A ƙarshen 2025 an samu hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa masu iyaka da Jihar Katsina, saboda haka baƙuwar fuska a kan babur ba abin da ake kawar wa da kai ba ne yanzu a arewacin Kano.

Raƙuman sun kai talatin. Wasu na durƙushe suna tuƙa, wasu sun miƙa wuya cikin gawo suna tsinke ganye da ƙaya kamar masu cin alewa, ƙafafun gaba a dabaibaye. A gefe, bayan wani ɗan shinge na kara da buhuna da aka kafa don tare iska, Buzaye uku ne zaune, sun naɗe fuska da rawani, 'yar buta na kan gawayi. Daga Nijar suka gangaro. Wannan hanya tsohuwa ce ƙwarai: Abzinawa kan ratsa hamada su ɗauko gishiri da dabino a Balma, su sauko ƙasar Hausa bayan kaka su sayar, su sayi gero, raƙuma kuma su yi kiwo a gonakin da aka girbe har zafi ya kawo jiki. Manyan motoci sun karɓe yawancin dakon, amma kiwon rani bai daina kawo su ba.

A nan ne bambancin yake da abin da ake gani a satalayit. Can, an shirya dabbar ne domin baƙo. Nan ba wanda ya kawo raƙumi don a kalle shi. Mai gona ne ya yarda su kwana a gonarsa, su ci abin da girbi ya bari, su bar masa kashi da fitsari, wani lokaci har ya bi su da kwanon tuwo. Haka ake yi da Fulani masu shanu. Ciniki ne ba takarda, amana ce kawai ke riƙe da shi, kuma amanar tana ta sirancewa, don yanzu kara da harawa kuɗi ne, burtali kuma gonaki sun cinye shi a wurare da dama.

Babban cikinsu ya miƙo shayi a ɗan ƙaramin kofi, mai ɗaci kamar maɗaci, ya ce a jira na biyu da na uku, sun fi daɗi. Hausarsa ras, sai ɗan karin harshe. Ya nuna musu tambarin wuta a wuyan wata taguwa, wanda da shi ake gane dabbar kowane gida, kamar yadda Sami ke tsaga kunnen tasu. Mataimakin darakta ya ce, "Baba, duka nawa ne naka a ciki?" Buzun ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da fifita gawayi. Jagoran ya taka ƙafar ɗan birni. Ba a tambayar makiyayi yawan dabbarsa, ashe ko can ƙasar ƙanƙara ma haka abin yake. Abin da dattijon ya faɗa da kansa shi ne a yi nesa da wani amale da aka ɗaure shi kaɗai, bakinsa na kumfa. Lokacin sanyi ne lokacin barbarar raƙuma, kuma namiji a wannan hali ko mai shi yana kaffa-kaffa da shi.

Sai aka zo wurin da tafiyar ta kusa ɓaci. Mai ɗaukar hoto yana son ya ga yadda za ta kasance in jarumi ya ratso tsakiyar garke a kan babur, raƙuma na miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Bai shawarci kowa ba, ya ce wa ƙanin jagora ya gwada. Yaro ya murɗa totur. Kai jama'a! Nan take wuri ya hargitse, amale ya yi wani irin ruri, wata 'yar taguwa da ba a dabaibaye ba ta zabura, ta tsallake shingen ƙaya ta faɗa gonar rogo da ke maƙwabtaka. Kafin a kamo akalarta ta tattake kunya uku.

Mai rogon ya iso da fartanya a kafaɗa, bai ko kalli 'yan fim ba. Buzun ya nufa. Shi ne baƙon da ya sani, dabbarsa ce a cikin gona, kuma dama ba da son ransa maƙwabcinsa ya sauke su ba. Ya ce yau ɗin nan za su tashi. Samarin Kano su da yamma suna gida, amma mutanen nan uku da raƙuma talatin sai sun nemi wata gonar da za ta karɓe su, da labarin ɓarna yana gabansu. Yaron mai unguwa ne ya ruga ya kira shi. Aka zauna gindin tsamiya, jagoran ya faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan bai rufa wa ƙaninsa ba, bai rufa wa fasinjansa ba. Mai unguwa ya sa aka ƙiyasta rogon, ya ce wanda ya sa a tayar da babur shi zai biya. Mai ɗaukar hoto ya lalube aljihu, kuɗin da aka ba su na abinci da na mota ya tafi, sai da jagoran ya ranta musu na komawa. Mai rogo ya karɓa yana ƙunƙuni, ya ce Buzaye su kwana, amma a dabaibaye kowace dabba.

Ragowar yinin ba a yi wani dogon zance ba. Suka biya ta madatsar ruwan Tomas, ɗaya daga cikin madatsun da aka gina a Jihar Kano cikin shekarun 1970, inda ido ya huta da kore: tumatir, albasa, masunta a kwalekwale, balbelu a bakin ruwa. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako na nan kusa. Wanda ya daidaita tafiyarsa ta faɗo ranar Lahadi zai haɗa da kasuwar Ɗambatta, ya ga karar shanu, ya ci tsire mai zafi kafin ya hau mota.

Da la'asar sakaliya suka sake bi ta gefen gonar yamma, wannan karon an kashe babur tun daga nesa ana turawa. Raƙuman sun dawo sun durƙusa, hayaƙin gawayi na tashi, hazo ya mayar da rana ja. Mai ɗaukar hoto ya tsaya bakin shinge, ya ɗaga murya: "Baba, in ɗauka?" Dattijon ya gyara rawaninsa, ya ɗaga hannu alamar to, amma ya nuna masa inda zai tsaya. Minti huɗu ya ɗauka, ba jarumi, ba babur, sai wani yaro da ya ratso da jaki ɗauke da mangalar taki. Shi suka kai wa furodusa washegari, tare da lissafin kuɗin rogo.