Yelu: Gidan da ba a zuwa neman aure

Daga Gaya na hau kabu-kabu da safe, muka yi arewa ta hanyar Doso kafin mu ratse zuwa Yelu. Abin da ya fara tarbar idona giginya ce, dogaye, jere a fadama, ƙarƙashinsu gonakin rake da rogo. Garin tsohon mazaunin Kyangawa ne, amma Hausa ake ciniki da ita, kana kuma jin Dandanci da Fulatanci nan da can. Sefa da naira duk suna tafiya, don iyakar Najeriya ba nisa.

A bakin kasuwa na sayi gaɓar rake dala biyar. Mata sun fi maza yawa a rumfuna: masu muruci, masu ƙuli-ƙuli, masu gishirin Foga a ƙananan kwanuka. Can gefe wata tsohuwa ce zaune da tallan daddawa, na daɗe ina kallo ban ga mai taya mata ba. Da na tambayi ɗan rakiyata, sai ya rage murya ya ce, "Malam, wannan an ce tana gani."

Ya kai ni gidan tsohuwar bayan la'asar. Gida ne na zana da ɗaki biyu na laka, tsakar gida a share tas. Babu wanda ya taɓa korar ta. Yara ne dai ake hana su karɓar abin hannunta, in ta wuce wata uwa ta ja ɗanta tana cewa kurwata kur. Zargin maitar ya faro ne tun zamanin mahaifiyarta: wani yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ya ambaci sunan mahaifiyar cikin sambatu, aka taru aka sa ta tsallake shi.

"Inna, ina ƴaƴanki mata?" na tambaye ta.

"Ɗana, sun yi aure can nesa, inda ba a san mu ba."

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Mutanenmu sun ce maita a nono ake sha, don haka ƙazafi ɗaya kan uwa ya isa ya rufe ƙofar aure ga ƴa da jika. Mai binciken asali kafin kai kuɗin gaisuwa da wannan tambaya yake farawa. Namiji in an zarge shi yakan tafi ci-rani maganar ta mutu. Bazawara ko tsohuwar da ba ta da ɗa namiji mai tsaya mata, ina za ta?

Turawa sun bi wannan hanya ta zargin maita har ƙarshenta. Tsakanin 1450 da 1750 an kashe mutum dubu 40 zuwa 60 a Turai da sunan maita, akasarinsu mata. A Salem ta Amurka, cikin mutum 19 da aka rataye a 1692, 14 mata ne. A nan Afirka kuwa, a Gana har yau akwai sansanin Gambaga, inda matan da aka kora daga garuruwansu ke fakewa.

Wani malami da na zauna da shi a ƙofar masallaci ya ce ƙazafi babban zunubi ne, yana faɗa a wa'azi. Ma'aikacin gidan likita kuma ya ce yaran da ake kawowa da suma da sambatu lokacin damina, yawancinsu zazzaɓin cizon sauro ne. Iyayen Yelu, in yaro ya fara sambatu ku kai shi likita kafin ku saurari sunan da ya kira.